Labarin Ambaliya da Manyan Hanyoyin Mota a Nijeriya

Wanda duk ya dubi taswirar Nijeriya zai ga manyan koguna biyu sun raba ƙasar kashi uku. Kogin Kwara ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shigo Nijeriya ta wajen Ilo, tsawonsa kimanin kilomita 4,180. Binuwai kuwa daga tuddan Adamawa na ƙasar Kamaru ta fito, ta biyo ta Garwa da Yola da Numan da Ibi da Makurɗi, tsawonta wajen kilomita 1,400. A Lakwaja su ka haɗu, su ka gangara tare zuwa teku. Saboda haka ba yadda mutum zai tashi daga Kano ko Maiduguri ya kai Ikko ko Fatakwal bai ƙetare ɗaya daga cikinsu ba. Gyaɗa da shanu da albasa da su ke tafiya kudu, da goro da man fetur da su ke zuwa arewa, duk sai sun bi ta waɗansu 'yan mashigai ƙalilan. In ruwa ya rufe mashigi guda, wahalar ta kan kai har ga mutumin da bai taɓa ganin kogin da idonsa ba.

Zamanin Fatake

Mutanen dā sun san wannan sarai. Fataken da su ke zuwa Gwanja sayen goro ba su tashi sai da kaka ta wuce, ƙoramu sun janye, fadamu sun bushe. Madugu nagari ya san kowane rafi da ke kan hanyarsa, ya san wanda a ke ratsawa da ƙafa, da wanda sai an nemi masu fito. Ya san watan da gulbi kaza ya ke kawo ruwa, da zangon da ya ke kan tudu inda ayari zai kwana lafiya. In an iso Kwara wajen Yawuri ko Busa, sai a nemi Sarkawa da sauran mutanen ruwa, a biya kuɗin fito, a ƙetare da kaya cikin jirage. Taswirar waɗannan mutane a ka ta ke, ɗa ya gada daga ubansa, yaro ya koya daga ubangidansa. Wanda ya raina ta ya kan yi hasarar jakuna da kaya, wani lokaci har da rai.

Zuwan Jirgin Ƙasa da Mota

Da Turawa su ka zo, su ma da farko kogin su ka bi. Jiragen ruwansu ba su iya kaiwa Baro ko Yola da kaya masu nauyi sai lokacin da ruwa ya cika, don haka tilas su san ranar hawansa da ranar saukarsa. Wannan ya sa tun farkon zamaninsu aka kakkafa sanduna masu lamba a bakin kogi a wurare kamar Lakwaja da Jabba da Makurɗi, aka sa malamai suna duba tsayin ruwa kullum suna rubutawa. Ba don hanyar mota aka fara wannan aiki ba, amma littattafan da waɗannan malamai su ka cika su ne tushen abin da a ke aunawa yau.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Shekarun farko, in ya zo Jabba sai a ɗora taragunsa kan jirgin ruwa a ƙetare da su, har aka gama gada cikin 1915. Gadar Makurɗi kan Binuwai an buɗe ta cikin 1932, ta Anacha kuwa sai cikin 1965.

Hanyoyin mota na wancan lokaci yawancinsu na burji ne. Cikin shekarun 1920 Gwamnati ta tsara waɗansu manyan hanyoyi da za ta riƙa lura da su da kanta, sauran kuwa aka bar wa En'e. Taswirorin da aka buga a zamanin sun raba hanyoyi iri biyu: akwai wadda a ke bi rani da damina, akwai kuma hanyar rani kaɗai. A wurare da yawa ba a yi gada ba, sai dai a shimfiɗa duwatsu ko siminti a cikin rafin, mota ta ratsa in ruwa ya yi ƙasa. In an yi ruwa mai yawa a kan sa shinge a tare manyan motoci har hanya ta sha iska, don kada su farfasa ta. Direba ya kan kwana bakin rafi yana jiran ruwa ya wuce, bai kuwa ga abin mamaki ba. Ana iya cewa waɗannan taswirori su ne na fari da su ka nuna wa matafiyi inda ruwa ya fi ƙarfin hanya.

Cikin shekarun 1950 Gwamnati ta ɗauko waɗansu injiniyoyi daga ƙasar Holan, su ka yi shekaru suna auna Kwara da Binuwai, su ka fitar da babban rahoto cikin 1959. Nan aka bayyana halin kogunan dalla dalla. Kwara tana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta ruwan daminar nan kusa ce, tana zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, ruwanta fari ne don laka. Ta biyu ruwan ƙasar Gini ne, wanda ya daɗe yana malala cikin fadamun Mali, ba ya isowa Nijeriya sai da sanyin hunturu, ya riga ya kwanta ya yi baƙi. Ta farkon ita ce abin tsoro ga hanya, don tana haɗuwa da cikar Binuwai a Lakwaja wajen ƙarshen Satumba.

Shekarun da Aka Mance da Ruwa

Bayan samun mulkin kai aka shiga gina madatsun ruwa. An gama ta Kainji cikin 1968, daga baya aka yi ta Jabba da ta Shiroro. Kamaru ta gama tata a Lagado, kan Binuwai, cikin 1982. An yi shawarar Nijeriya ta gina wata a Dasin Hausa ta ƙasar Adamawa don ta tare ruwan da za a riƙa sakowa daga can, amma ba a gina ta ba.

Cikin shekarun 1970 kuɗin man fetur su ka shigo, aka malala kwalta ko'ina, aka gina gadoji, ciki har da babbar gadar Murtala a Jamata kusa da Kwatankarfe. To, abin lura a nan shi ne, wannan aiki ya faɗo daidai lokacin da aka yi fari mai tsanani, wanda mutane ba su mance da na 1973 da na 1984 ba. Koguna su ka yi shekara da shekaru ba su kai inda su ka saba kaiwa ba. Mutane su ka gina gidaje cikin fadama, kasuwanni su ka tsiro a gefen hanya, aka toshe magudanan da ruwa ya ke bi a dā. Yaran da aka haifa a lokacin su ka tashi ba su taɓa ganin babbar ambaliya ba, maganar hanyar rani da ta damina kuwa ta ɓace daga bakin direbobi.

An zaɓi Abuja cikin 1976, Gwamnati ta koma can cikin 1991. Tun daga nan hanyar Lakwaja ta zama maƙogwaron ƙasa, motocin kudu maso gabas da na kudu maso yamma da na gaɓar teku duk nan su ke haɗuwa kafin su hau arewa. Ga shi kuwa wani sashe nata yana bin gefen Kwara ne, cikin ƙasa mai kwari.

Ambaliyar 2012

Daminar 2012 ta zo da ruwa mai yawa ƙwarai. Madatsar Lagado ta cika, aka buɗe ƙofofinta. Kogunan cikin Nijeriya kamar Taraba da Donga da Katsina Ala su ka ƙara nasu. Daga ɗaya gefen kuma Kainji da Jabba da Shiroro suna sakin ruwa. Wajen ƙarshen Satumba ma'aunin Lakwaja ya nuna kusan mita 13, watau wajen ƙafa 42. Ruwa ya hau kan hanyar Abuja kusa da Lakwaja ya shafe ta, hukuma ta rufe ta. Motoci su ka yi jerin gwano na kilomita da yawa, matafiya su ka kwana kwanaki a hanya, masu kwalekwale su ka koma sana'ar kakanninsu ta fito, suna ɗaukar mutane a bisa inda kwalta ta ke. Waɗanda su ka juya su ka nemi zagaye ta Jabba ko ta Makurɗi, tafiyar yini ta zama ta kwana biyu ko uku. Can kudu kuma ruwan ya yanke babbar hanyar da ta haɗa Warri da Fatakwal.

Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 363 su ka rasu a wannan shekara, fiye da miliyan 2 kuma su ka bar gidajensu. Da aka yi lissafin ɓarna da hasara duka, aka sami kimanin naira tiriliyan 2.6. Bayan ruwa ya janye sai manya su ka shiga tambayar juna: ashe ba a san wannan wuri kwari ne ba? Wurare nawa ne irinsa cikin ƙasa? Amsar ita ce, tsofaffin wurin sun sani, littattafan ma'auni ma sun nuna, sai dai ba a tattara sanin wuri guda aka ɗora shi kan taswirar hanyoyi ba.

Yadda A Ke Yin Taswirar Haɗari

Cikin 2010 aka yi dokar kafa hukumar lura da ruwayen ƙasa, wadda a ke kira NIHSA a taƙaice. Tana aiki da yanki 8 da aka kasa Nijeriya bisa ga inda ruwan kowane yanki ya ke gangarawa. Daga 2013 ta fara fitar da bayani kowace shekara kafin damina, tana faɗin jihohi da ƙananan hukumomin da a ke tsammanin ambaliya. Wannan ci gaba ne babba. Amma sanin cewa ƙaramar hukuma kaza tana cikin haɗari bai isa mai gyaran hanya ba. Shi abin da ya ke so ya sani shi ne, a kilomita ta nawa ruwa zai hau, zurfinsa nawa, kwana nawa zai yi. Masu ilmin abin suna bin matakai kamar haka.

Da fari su kan ɗauko littattafan ma'auni, su fitar da cika mafi girma ta kowace shekara, su jera. Daga nan su ke lissafa irin cikar da ta kan zo sau ɗaya cikin shekara 10, da ta shekara 50, da ta shekara 100. Mutane da yawa suna kuskuren fahimtar wannan magana. In an ce ambaliyar shekara 100, ba ana nufin in ta zo bana sai jikoki za su sāke ganinta ba. Ma'anarta ita ce, kamar an zuba tsakuwa 100 cikin jaka, ɗaya baƙa, kowace damina a sa hannu a zaro guda sa'an nan a mayar. Baƙar tana iya fitowa bana ta kuma fito baɗi. In hanya za ta yi shekara 30 ana binta, lissafi ya nuna zarafin ta gamu da irin wannan ambaliya ya kai wajen ɗaya cikin huɗu.

Na biyu, su kan nemi sanin tudu da kwarin ƙasa. A dā sai 'yan safiyo sun taka da ƙafa suna aunawa, daga baya aka shiga ɗaukar hoto daga jirgin sama. Cikin Fabrairu 2000 wani kumbon Amurka ya zagaya duniya ya auna tsayin mafi yawan doron ƙasa, aka kuma ba kowa damar amfani da sakamakon. Nijeriya ma ta harba tauraron ɗan Adam nata na fari cikin 2003, ta ƙara biyu masu ɗaukar hoton ƙasa cikin 2011. Akwai taurarin da gajimare ba ya tare musu gani, suna nuna iyakar inda ruwa ya malala ko da tsakiyar damina ce. In an ba kwamfuta siffar ƙasa da yawan ruwan da a ke tsammani, sai ta nuna inda zai bi da inda zai kwanta.

Na uku, sai a ɗauko taswirar hanyoyi a ɗora a bisa ta ruwa. Duk inda layin hanya ya faɗa cikin ruwa sai a yi masa alama. Hanyoyin Gwamnatin Tarayya kaɗai sun kai kimanin kilomita 35,000, ban da na jihohi da na ƙananan hukumomi, waɗanda su ka ninka wannan sau da yawa. Don haka aiki ne mai yawa, ba kuwa a gama shi daga cikin ofis. Awon da aka yi daga sama yana iya kuskurewa da mita biyu ko uku, alhali kuwa rabin mita ya isa ya raba hanyar da ta tsira da wadda ta nutse. Hoton sama kuma ba ya nuna kwalbatin da yashi ya toshe, ko ƙafar gadar da ruwa ya ƙwaƙule ƙarƙashinta. Tilas injiniya ya je da kansa ya auna, ya leƙa kowane kwalbati, ya kuma tambayi masunta da manoman fadama da tsofaffin direbobi. Su ne za su nuna masa tabon laka jikin bango ko jikin itace, su ce ga inda ruwan shekara kaza ya tsaya.

Na huɗu, a kan duba ƙarfin hanyar ita kanta, don ruwa yana cin hanya ta fuska da yawa. In ya haura ta, ya kan zaizaye gefen da ya ke zuba, ya ci gaba da ci har ya yanke ta. In ya kwanta a gefenta kwanaki, ya kan shiga ƙarƙashin kwalta ya jiƙa cikon, sa'an nan tirela ta bi ta farfashe. In kwalbati ya yi ƙanƙanta, hanyar da kanta ta kan zama madatsa, ruwa ya taru bayanta har ya ɓalle ta. Wannan ya sa ba manyan koguna kaɗai ne abin tsoro ba, ƙaramar ƙorama ma tana iya raba ƙasa biyu cikin dare guda.

Na ƙarshe, a kan auna nauyin hanyar ga jama'a. Mota nawa ke binta a yini? Akwai zagaye in ta yanke? Asibiti ko kasuwa ko tashar mai nawa su ka dogara da ita? Da wannan a ke jera wuraren, a san wanda za a fara kashe wa kuɗi, tun da baitulmali ba ta iya ɗaga kowace hanya lokaci guda. Wuri mai haɗari kaɗan a kan hanyar da ba ta da zagaye ya kan riga wuri mai haɗari da yawa wanda a ke iya kauce masa.

Abin da Ya Biyo Baya

Shekara 10 cif bayan ambaliyar farko, cikin Oktoba 2022, ruwa ya sāke hawa hanyar Lakwaja wajen Kwatankarfe, ma'auni kuma ya haura na 2012. Tankokin mai su ka maƙale, Abuja da garuruwan arewa su ka shiga ƙarancin fetur. Jihar Bayelsa ta yanke daga maƙwabtanta ta hanyar mota. Fiye da mutum 600 su ka rasu cikin ƙasa, fiye da miliyan ɗaya su ka rasa matsuguni. An yi gargaɗi kafin damina, wurin kuma sananne ne tun 2012, amma sanin bai hana ba, don ba a ɗaga hanyar yadda za ta fi ƙarfin irin wannan ruwa ba.

Sauran mashigai ma sun ɗanɗana. Cikin Yuni 2017 ruwa ya cinye hanyar Mokwa zuwa Jabba a Tatabu. Cikin Agusta 2024 ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, ya kuma karya gadar Namnai tsakanin Jalingo da Wukari. Ran 10 ga Satumba na wannan shekara madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, kamar yadda ya taɓa yi cikin 1994. Ƙarshen Mayu 2025 kuma ambaliya ta afka wa garin Mokwa, ta kashe mutum fiye da 150, ta lalata gada a hanyar da ta haɗa arewa da kudu. Yawancin waɗannan ba cikar Kwara ko ta Binuwai ba ce ta jawo su, ruwan sama ne mai ƙarfi da ya sauka wuri guda cikin 'yan sa'o'i. Masana yanayi sun tabbatar irin wannan ruwa ya ƙaru a ƙasashen Sahel tun daga shekarun 1980. Saboda haka lissafin da aka yi da littattafan shekarun fari ba ya isa, tilas a riƙa sabunta taswira.

Akwai kuma abin da aka samu na alheri. Cikin Mayu 2023 aka buɗe gada ta biyu a Anacha, da gadar Loko zuwa Oweto kan Binuwai, wadda ta ba motocin gabas wata hanya zuwa Abuja ba sai sun bi Lakwaja ba. Kowane sabon mashigi yana rage nauyin da ke kan tsofaffin. Ƙasashe 9 da su ka haɗa kogin Kwara kuma suna da hukuma guda mai mazauni a Yamai, wadda asalinta tun 1964, ta nan a ke aika wa juna labarin hawan ruwa. Ruwan da aka saki a Lagado ya kan yi kwanaki kafin ya iso Lakwaja, waɗannan kwanaki kuwa sun isa a sanar da direbobi, a juya manyan motoci, a tara mai da abinci a inda za a bukace su.

Taswira dai takarda ce, ba ta tare ruwa. Amfaninta shi ne a san inda za a ɗaga hanya, da inda za a faɗaɗa kwalbati, da inda za a hana gini, da zagayen da za a bi ran da abin ya faru. Wani sashe na aikin na Gwamnati ne, wani kuwa na mutanen gari. Mai unguwar da ya tara samari su ka yashe kwalbati kafin ruwan fari ya taimaki hanya. Haka wanda ya ga gefen gada ya fara zaizayewa ya kai labari ga hukuma, da dattijon da ya nuna wa ɗan safiyo iyakar ruwan shekarun baya. Direba kuma in ya tarar ruwa yana gudu bisa kwalta, ya tsaya ya jira, don ruwan da bai kai gwiwa ba yana iya ɗaukar ƙaramar mota, ba kuwa wanda ya san ko akwai sauran hanya a ƙarƙashinsa. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, madugan dā kuwa da wannan su ka kai ayarinsu Gwanja su ka komo da shi gida.